Dabaibayi a Bakin Bature

A makonsa na biyu na gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare da ke Wudil, wani ɗalibin kwalejin ilimi ya ci karo da kalmar Ingilishi *impede* a cikin darasin karatu. Ya gaya wa yara cewa ma'anarta hanawa. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mene ne bambancinta da *stop*?" Malamin ya rasa ta cewa, ga kuma mai duba shi zaune a bayan aji yana rubutu. Da ƙyar ya iya cewa zai kawo amsa ranar Litinin.

Da daddare ya buɗe babban ƙamus, ya tarar kalmar ta shiga Ingilishi ne a wajen farkon ƙarni na 17, daga Latin, harshen Rumawan da. Asalinta *impedire*, wato haɗin *in*, mai nufin ciki, da *ped*, mai nufin ƙafa. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce sa wa ƙafa mari. Kishiyarta *expedite* kuwa, wadda ake fassarawa da hanzartawa, asalinta kwance ƙafar. Har ma fedar keke, wadda Hausa ta aro daga Ingilishi, daga wannan saiwa ta tsiro.

Ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil take ci, ya bi ta gefen kara. Nan ya ga wani jaki an ɗaure masa ƙafafun gaba, yana kiwo yana ɗan tsalle da ƙyar. Jakin yana tafiya, amma ba yadda yake so ba. A take amsar yaron ta faɗo masa. Abin da aka tsayar ya daina motsi, amma wanda aka dabaibaye yana gaba, sai dai da wahala. Ashe Barume da Bahaushe, waɗanda harsunansu ba dangin juna ba ne, hoto ɗaya suka gani. Shi ya sa Bahaushe kan ce matsaloli sun dabaibaye aiki, ko kuma an sami tarnaƙi.

Ranar Litinin ya shiga aji da guntuwar igiya. Ya tambayi yara yadda ake yi wa jaki dabaibayi. Yawancinsu 'ya'yan makiyaya da dillalan kara ne, don haka suka yi ta bayani har da bambanta dabaibayi da tarnaƙi da talala. Sai da suka gama ya rubuta kalmar a allo, ya ja layi a ƙarƙashin *ped*.

Yaron nan ya sake ɗaga hannu ya ce, "Malam, ke nan rashin littafi dabaibayi ne ga karatunmu, ba tsayar da shi ya yi ba?" Malamin ya ce ya tashi ya rubuta wannan jimla da Ingilishi a allo.