Amanar Baƙon Teku

Ni jikan masunta ne. Kakana basarke ne a ƙasar Yawuri, wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin kwale-kwale da koma a bakin Kwara, don haka duk kifin da na tashi na sani, ko tarwaɗa ne, ko karfasa, ko kurungu, hanyarsa guda ce: daga ruwa sai tukunya. Wannan ne ya sa ranar da mahaifiyata ta kawo mana ziyara Abuja, ta shiga falona a Gwarinpa ta tarar da kifi ƙwaya ɗaya tak a cikin wani ƙaton akwatin gilashi, an haska masa fitila sai ka ce ango, ta tsaya ta ƙare masa kallo, sa'an nan ta tambaye ni ranar da za a dafa shi. Na ce, "Inna, ai wannan na kallo ne." Ta jinjina kai ta ce, "To, Allah ya kyauta. Kakanka kifi ne ya ciyar da shi, kai kuma ga ka kana ciyar da kifi."

Ban sayi kifin nan ba, gadonsa na yi. A shekarar 2021 wani maƙwabcina baƙo, wanda wa'adin aikinsa a Nijeriya ya cika, ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya roƙe ni in karɓa, tare da akwatin da injinansa da ragowar buhun gishiri. Na sha shiga gidansa ina tsayawa a gaban gilashin nan kamar ɗan ƙauye a tasha, shi ya sa ya san inda zai jefa ƙugiyarsa. Ban yi shawara da kowa ba, har uwargida, na ce na karɓa.

Wanda bai taɓa ganin wannan halitta ba zai yi wuya ya gane abin da ya ruɗe ni. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin zakin kifi, saboda fukafukansa da ke bajewa kewaye da kansa tamkar gezar zaki. Jikinsa ratsi-ratsi ne na ja da fari, kamar saƙin da aka ɓata wata guda ana yi, ga wasu dogayen ƙayoyi a jere a gadon bayansa. Ba ya gaggawa, ba ya firgita. Yakan tsaya cik a tsakiyar ruwa yana kaɗa fukafukai a hankali, kamar basarake ya fito zaman fada da babbar riga. Asalinsa kuwa tekunan Indiya da Fasifik ne, a tsakanin duwatsun murjani, kuma akwai danginsa a Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke ƙetarewa kafin su sauka Jidda.

Ba a yi mako biyu ba na gane cewa wanda ya karɓi kifin teku, tekun ma ya karɓa. Abuja gari ne na duwatsu, tsakaninsa da gaɓar teku tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, ruwan famfonmu kuwa na madatsar Usuma ne, babu ɗigon gishiri a cikinsa. Dole mutum ya haɗa tekunsa da hannunsa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, ke nan akwatina mai cin lita 400 yana buƙatar kilo 14 kafin ya cika. Gishirin miya kuma ba ya yi, domin na teku gauraye yake da wasu ma'adinai da kifin ba ya rayuwa sai da su, saboda haka sai wanda aka haɗa musamman aka shigo da shi daga ƙasashen waje. Ruwan ma sai an tace shi an raba shi da sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo. Bayan kowane mako biyu in kwashe kashi ɗaya cikin goma in zuba sabo. Da hunturu, busasshiyar iska takan shanye ruwan ta bar gishirin, sai in riƙa ciko da tataccen ruwa zalla don kada ya yi kauri. Da bazara kuwa, a watannin Maris da Afrilu lokacin da garin ke tafasa, sai in koma neman yadda ruwan ba zai wuce digiri 27 ba. Ga injin tace ƙazanta, ga na motsa ruwa don iska ta shiga, kuma dukkansu ba su san an ɗauke wuta ba.

Duk da haka ban yi nadama ba a farko. Idan na dawo daga ofis da magariba, lokacin da shi kuma yake fara farauta, nakan zauna in tsinke masa jatan lande a bakin tsinke. Sai ya taso a hankali, ya baje fukafukai kamar mai tare akuya a lungu, ya matso, ya matso, kafin ƙiftawar ido abin ya ɓace. Sau uku a mako nake ba shi, domin ba ya sanin ya ƙoshi. Tumbinsa kan buɗe ninki-ba-ninki, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa, to abincinsa ne. Wannan ne dalilin zamansa shi kaɗai. A irin wannan zama ne nakan ji kamar ina bakin Kwara, alhali kuwa ina hawa na biyu a gidan haya. 'Yata ƙarama, wadda a lokacin ba ta wuce shekara biyar ba, ita ma ta shaƙu da shi. Da ta manna fuska a gilashi sai ya taso wajenta, ita a ganinta gaisuwa ce, ni kuwa na san abinci yake nema.

Ranar wata Asabar na sa hannu ina kankare gansakuka a jikin gilashi, hankalina ya tafi ga wata magana da ake yi a rediyo. Ban ga lokacin da ya zagayo ba. Abin da na ji kawai shi ne kamar an soka mini allurar da aka ciro daga wuta a bayan hannu. Na san sukar kurungu tun ina yaro, na kuma taɓa shan bugun minjirya, amma wannan daban ne: zafin yana hawa ne, daga hannu zuwa gwiwar hannu, daga nan zuwa kafaɗa, har gumi ya karyo mini. Ƙayoyin dafinsa 18 ne, 13 a gadon baya, 3 a ƙasa wajen wutsiya, 2 a ciki, kuma ba ya kai hari da su, kariya ce kawai. Ni na kai kaina. Allah ya sa maƙwabcin nan ya taɓa gaya mini maganin farko, wato a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na tsawon rabin sa'a ko fiye, domin zafi yana karya ƙarfin dafin. Haka uwargida ta yi ta sauya mini ruwa a kwano, daga baya muka tafi asibiti aka duba ko ƙaya ta karye a ciki. Hannun ya kwana uku a kumbure. A daren farko, bayan yara sun yi barci, ta ce da ni cikin sanyin murya, "Maigida, yau hannunka ne. Ka tuna yarinyar nan ta iya hawa kujera." Ban sami abin cewa ba.

Sai kuma ga shekarar 2023, aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mai ya ninka, gishirin da ake shigowa da shi ya bi sahu. A wani dare aka ɗauke wuta, janareta babu mai, injinan suka yi tsit. Wajen ƙarfe biyu na haska tocila na ga kifin ya kwanta a ƙasa yana numfashi da ƙyar. Na ɗauko moɗa na riƙa ɗibar ruwan ina kwararo shi daga sama don iska ta shiga, ban fasa ba har aka kira assalatu. A nan ne, ina tsaye da moɗa a hannu kamar mai ban ruwa a lambu, na ce wa kaina abin ya isa.

Na nemi mai karɓa ban samu ba. Sai wata dabara ta zo mini, wadda na yi mata ado da suna mai daɗi: zan 'yanta shi. Har na kafa wa kaina hujja da hadisin nan na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Da yammacin wata Lahadi na juye shi a babban bokiti mai murfi, na sa a mota, 'yata ta maƙale sai ta bi ni, muka nufi tafkin Jabi. Muka sami gefen da babu jama'a, na sauke bokitin, na buɗe. Yarinyar ta dubi tafkin, ta dubi kifin, sa'an nan ta ɗago ta ce, "Baba, nan ne gidansu?"

Na san amsar tun kafin in baro gida, na dai ƙi duban ta ne. Jikin kifin teku an gina shi ne a kan fitar da gishiri da tattalin ruwa. In aka jefa shi a ruwan daɗi, ruwan zai yi ta kutsawa cikin jikinsa har ya halaka. Kyanwar hadisi tana da inda za ta in an buɗe mata ƙofa, domin a ƙasarta take. Nawa baƙon ba shi da ko taki ɗaya na gida a duk faɗin Abuja in ban da akwatin nan da na gaji da shi. Abin da na zo yi kisa ne, sai dai na zaɓi irin wanda ba zan ga gawa ba. Na mayar da murfin na ce, "A'a, uwata, mun kawo shi shan iska ne." Muka juya.

Daga baya, da na zauna na bi labarin danginsa, sai na tarar cewa da a bakin teku nake, da laifin da na tashi yi ya fi haka muni. A shekarar 1985 aka fara ganin zakin kifi a gaɓar Fulorida ta Amurka, inda ba a taɓa saninsa ba, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu kiwonsa a gida ne suka sake shi, wato mutane irina, masu bokiti da kyakkyawar niyya. A can bai tarar da mai cinsa ba, ƙananan kifayen wurin kuma ba su san shi abokin gaba ba ne. Macensa guda takan zuba ƙwai kusan miliyan 2 a shekara. Zuwa 2004 ya isa tsibiran Bahamas, daga nan ya mamaye tekun Karibiyan, a 2014 aka gan shi a Burazil. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa a cikin mako biyar kacal, zakin kifi guda ya rage 'ya'yan kifayen da ke tasowa a kan dutsen murjani da kashi 79 cikin 100. Yau a waɗancan ƙasashe har gasar farautarsa ake shiryawa, ana kuma kwaɗaita wa mutane cinsa, tun da dafin a ƙaya yake, naman lafiya lau. Ashe tambayar Inna ba ta kauce hanya ba. A Bahar Rum ma ya kutsa ta mashigin Suwez, ya yaɗu a gaɓar Labanan da maƙwabtanta tun daga 2012.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan halin kifin wasu ne can. Giwan ruwa namu ne, shi ne abin alfaharin masunta, shi ake ɗagawa sama a bikin kamun kifi na Argungu. Amma da aka ɗauke shi aka zuba a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, sai da ya taimaka wajen shafe kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen da babu irinsu a ko'ina a duniya. A Kwara da Rima sarki ne mai zaune lafiya da talakawansa, domin tare aka halicce su, kowa ya san maɓoyarsa. Kifin bai sauya hali ba a tafiyar; hannun da ya ɗauke shi ne ya yi ɓarnar, kuma hannun nan irin nawa ne.

Har yau baƙon yana nan a falona. Na sa an yi wa akwatin murfi mai kwaɗo, mabuɗin yana aljihuna. Na sayi dogon abin kankara da safar hannu mai kauri, ba na kuma sa hannu a ruwan sai wani yana tsaye yana duba mini inda kifin yake. Na rage wasu buƙatuna na sayi batir da ƙaramin faifan sola don injin iska kaɗai, saboda kada daren moɗa ya maimaitu. Uwargida ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina magana, wani lokacin ma nakan tarar ta ajiye masa jatan lande a firiji. An ce irinsa kan shekara goma ko fiye a tsare, don haka da sauran tafiya a gabana, kuma Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na dai ƙudura abu guda: in kwanansa ya ƙare, ba zan sa wani a gurbinsa ba. Abokai sukan zo su tsaya a gaban gilashin yadda na taɓa tsayawa a gidan maƙwabcina, su tambaye ni inda ake samun irinsa. Nakan nuna musu tabon da ke bayan hannuna, in lissafa musu kuɗin gishiri da na wuta, sa'an nan in tambaye su inda za su kai shi ranar da suka gaji. Har yanzu ban sami wanda ya ba ni amsa ba. Da Inna ta sake zuwa bara, ta tarar da shi ya ƙara girma, ta ce, "Har yanzu yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce, "To, ka riƙe shi da kyau. Abin da ka tsare, kai za a tambaya." Allah ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, da wadda muka nema da wadda aka bar mana.