A Hannun Wa Ka Koya?

Da yamma bayan la'asar, filayen makarantun Potiskum na 'yan ƙwallo ne. Amma a gefen wasu filayen, inda ƙura ba ta kaiwa sosai, akan ga wani ɗan gungu daban. Yara ne suka jeru ba takalmi, wasu da fararen kaya, wasu da singileti da gajeren wando, suna kai naushi cikin iska suna ihu baki ɗaya. A gabansu mutum ɗaya ke tsaye, shi suke kira Masta. Ina jin daɗin ganinsu. Garin da ya ga harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012, ya kuma ga na makarantar kimiyya a watan Nuwamban 2014, ba ƙaramin abu ba ne a ce yaransa sun koma taruwa a fili da yamma, iyaye kuma hankalinsu kwance. Duk wanda ya ɗauki nauyin tara yaran nan ya hana su zaman bakin titi, ya cancanci a gode masa.

Shi ya sa ma abin da wasu mastocin ke faɗa a kan kansu yake damuna. Ba dukansu ba, wasu. Labarin kusan iri ɗaya ne duk inda ka ji shi. Wai wani tsoho ne ɗan ƙasar Sin, ya zo da kamfanin gina titi, ya ga yaro mai zuciya, ya riƙa koya masa da dare a ɓoye. Ina tsohon yake yanzu? Ya koma gida, ya rasu. Sunansa fa? Sai a ambaci wani abu mai kama da sunan jarumin fim. Wani ya ce shekara bakwai ya yi a Shawolin ta ƙasar Sin. Wani ya zaro takarda mai leda, da rubutun da ba mai iya karantawa a wurin, ya ce daga Japan aka aiko masa, shaidar baƙar ɗamara daraja ta goma. Daga nan sai a gangaro kan sirrin da ba a koya wa kowa, wata jijiya da in aka taɓa ta mutum zai kwana uku ya mutu. Yara su saki baki suna saurare, gobe su kai labarin makaranta har da ƙari.

Mu kuwa ba baƙin maganar asali ba ne. Muna da namu fagen tun kafin sinima ta kawo mana Burus Li, kuma a fagen nan ba a ɓoye ubangida, a jikin suna ake rataye shi. Garin da ke da kasuwar shanu irin ta Potiskum ba ya rasa mahauta, dambe kuma tun fil azal wasan gidan mahauta ne. Saurari yadda sanƙira ke kiran 'yan dambe a Kano ko a Dei-Dei: Garkuwan Cindo, Autan Sikido, Bahagon Sanin Kurna, Shagon Ɗan Digiri. Rabin sunan na mai shi ne, rabin na wanda ya rene shi. Kafin ya gama ɗaura zare, 'yan kallo sun san gidan da ya fito, sun san ko ɗan Arewa ne, ko Kudu, ko Guramada, ko Jamus. Wanda ya laƙa wa kansa sunan ubangidan da bai taɓa riƙe wa jaka ba, ba za a yi mako ba sai labari ya isa kunnen mai sunan ko na yaransa na gaskiya. Makaɗin kalangu ma ba zai yi masa taken gidan ba, domin shi ma da mutuncinsa yake cin abinci. Sannan ga turmi uku suna jira. Ka ce kai yaron wane ne? To ga fili, ga abokin karawa, hannunka ya ƙarasa bayanin. Shago da Ɗan Dunawa, waɗanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, dubban idanu ne suka ga dambensu kafin a ji labarinsu a kaset.

Ba na cewa babu maƙaryata a dambe. Akwai mai zuwa ƙauye lokacin kaka, inda ba a san fuskoki ba, ya ari suna don a yi masa kari mai tsoka. Amma ƙaryarsa ba ta nisa, balle yanzu da kowane yaro ke da bidiyon dambe a waya.

Haka abin yake a zaure. Almajirin da ya ce ya sauke, tambayar farko ita ce a gaban wa, a wace tsangaya. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gabansu. Mutumin da ilminsa ya kai inda ya kai bai ga ƙasƙanci ba a ambaton waɗanda suka koya masa.

To me ya sa wannan tambaya ke maƙale mana a maƙogwaro idan aka zo kan karate da kunfu? Nisa ne. Abin daga nesa ya zo mana, ta allon sinima da kaset da gidan kallo. Ba mu san gidajensa ba, ba mu san manyansa ba, sai muka ɗauka babu ta inda za a bincika. Wannan nisan shi ne jarin mai ƙarya. Shi ya sa malaminsa kullum a ƙetare yake, kullum kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ba za ka ji ya ce malamin na Azare ko Damaturu ba, inda ɗan kuɗin mota zai kai mutum ya tambayo.

Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. Fim ɗin Bloodsport na 1988, wanda ya ɗaga sunan Van Damme, jarumin da yara ke kira Bandam, an tallata shi a matsayin labarin gaskiya na wani Ba'amurke mai suna Frank Dux. Shi Dux ya ce wani malami ɗan Japan, Senzo Tanaka, ne ya horar da shi, kuma ya lashe wata gasar sirri a tsibiran Bahamas a 1975. A shekarar da fim ɗin ya fito, jaridar Los Angeles Times ta bi sawun maganar. Ba ta sami alamar malamin ba. Adireshin ƙungiyar da aka ce ta shirya gasar kuwa, na gidan shi Dux ɗin ne, kofin gasar ma ta ruwaito cewa a wani shago da ke yankinsu aka yi shi. Shi dai ya ci gaba da musantawa. Abin da ya ja hankalina shi ne, ɗan jaridar bai nemi su dambata ba. Tambayoyin zaure ya yi: wa, a ina, yaushe, wa ya gani.

Kuma hanyar binciken ta fi sauƙi a kan yadda muke zato. Baƙar ɗamarar nan da ake razana yara da ita ba tsohuwar al'adar Shawolin ba ce. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, shi ya fito da tsarin daraja da baƙar ɗamara, karate kuma ta ara daga baya, a zamanin Gichin Funakoshi, cikin shekarun 1920. Don haka wanda ya haɗa maka Shawolin ta ƙasar Sin da baƙar ɗamara mai daraja goma, da sauran bayani a bakinsa kan yadda gidajen biyu suka haɗu. Ita daraja ta goman, a duk tarihin Kodokan waɗanda ta ba wa ba su kai mutum 20 ba, kuma dattawa ne da suka ƙarar da rayuwarsu a kan tabarmar horo. Saurayin da furfura ko ɗaya ba ta fito masa ba, daga ina ya samo tasa? A taikwando, cibiyar Kukkiwon da ke birnin Seoul, wadda aka buɗe a 1972, ita ke ba da takardar da aka fi amincewa da ita, kowace da lambarta, ana kuma iya dubawa a intanet. Nan gida akwai hukumomin ƙasa na karate da judo da taikwando, akwai ma'aikatar wasanni a Damaturu. Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, kowa na iya bin wasanninsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi gasa da gaske sunansa na rubuce a wani wuri, kuma waɗanda suka kara da shi suna nan.

Samari masu zafin jini amsarsu ɗaya ce: a fito a gwada. Ban yarda da ita ba. A 2017, a birnin Chengdu, wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, mai kiran kansa gwanin taici, ya kai shi ƙasa cikin daƙiƙoƙi. Bidiyon ya zaga duniya, shi Xu ya shafe shekaru cikin rigima da hukuma da kotu, masu sayar da ƙarya kuma ba su ƙare ba. A garinmu abin ya fi haka nauyi. Mastan nan maƙwabcin wani ne, surukin wani ne, a sahu ɗaya ake salla da shi. In ka tozarta shi gaban yaransa ka sayi gaba ta shekaru, yaran kuma su watse su koma bakin titi. Ban da haka ma, duka ba ya tabbatar da asali. Akan sami maƙaryaci mai nauyin hannu, akan kuma sami malamin kirki wanda tsufa ko ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa.

Ranar Laraba a kasuwar shanu, ba mai ƙirga wa baƙuwar fuska kuɗin sa sai da dillalin da ya san mai dabbar, kuma ba wanda ke ɗaukar hakan cin fuska. Uba ma haka ya kamata ya yi kafin ya miƙa ɗansa. Ya je da ƙafarsa, ya yi sallama, ya jira a tashi, sannan ya ja mutumin gefe.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Yaron nan nawa ya ishe ni da zancenka. A hannun wa ka koya? Su wa kuka yi horo tare? In yana raye, ai sai mu je mu gaishe shi."

Mai gaskiya daɗin tambayar yake ji. Zai ce, "Wallahi Baba, wani soja ne ya fara koya mini a bariki, daga baya na je Kano na ƙara." Kafin ka ankara ya zaro waya yana nuna maka lambar mutumin da hotunan abokan horonsa. Ɗayan kuwa fuskarsa za ta sauya, ya ce sirri ne, an rantsar da shi kada ya faɗa. Ba sai ka ƙaryata shi ba. Ka yi masa godiya ka tafi, ka riga ka san inda ka tsaya.

Sai kuma a tsaya a kalli horon da kansa, domin ƙaryar asali ba ta tafiya ita kaɗai. Za ka tarar ana karɓar kuɗin gwajin ɗamara bini-bini, shi ne mai gwaji, shi ne mai sa hannu, shi ne mai sayar da ɗamarar. Za ka tarar ya hana yaransa zuwa gasa ko leƙa filin wani malami, wai salonsa ya fi ƙarfin wasa. Wani yana jibgar yara da sunan ƙarfafa jiki, wani yana haɗawa da cinikin laya. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai koya wa yaro ɗan shekara 15 yadda ake ƙwace wuƙa daga hannun ɓarawo, da ɗan itace a madadin wuƙar, da abokin horon da ke tsaye cak yana jira a murɗe shi. Yaron zai tashi da yaƙinin ya iya. Ranar da ya haɗu da mai ƙwacen waya a lungu, maimakon ya saki wayar ya tsira da ransa, sai ya tsaya. A nan ƙaryar ta wuce ta baki, kuma uwar yaron ce za ta biya.

Sai dai mu ma da hannunmu a ciki. Mutum ya faɗa mana gaskiya, cewa wani ɗan bautar ƙasa ne ya fara nuna masa a filin makaranta, sauran kuma a kaset da waya ya tsinta, ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru, sai mu taɓe baki mu ce ashe na gida ne. Mu kwashe yaranmu mu kai wa mai labarin tsohon ɗan Sin. Wani bawan Allah da farko ba maƙaryaci ba ne, ganin gaskiyarsa ba ta tara masa ɗalibai ne ya sa ya fara ƙara gishiri, yau kaɗan gobe kaɗan, har labarin ya fi ƙarfinsa ya kasa janyewa. Ni kam, wanda ya ce "iyakar abin da na sani ke nan, in ka kai nan sai na tura ka wajen wane," shi zan ba wa ɗana.

Akwai kuma saurayin da ya yi shekaru yana cewa Masta, sannan ya gane labarin ba haka yake ba. Irinsu kan ji kamar an sace musu ƙuruciya, wasu su jefar da kayan horon gaba ɗaya. Ba duka ne ya tafi a banza ba. Gumin da ya zubar nasa ne, ƙarfin ƙafa da juriya da tashin asuba duk suna jikinsa. Ɗamarar ce kawai ba ta da madogara. Ya nemi kocin da hukumar wasanni ta sani, a Damaturu ko Bauchi ko Kano, ya yarda a gwada shi daga farko ko da za a mayar da shi farar ɗamara. In sabon kocin ya tambaye shi inda ya fara, ya faɗi sunan mutumin da filin da suka yi horo a Potiskum, ya bar tsohon ɗan Sin a waje.