Tabon Ya Warke, Jinin Bai Dawo Ba

Ranar da muka dawo Kano daga Alƙahira, abin da ya fi ba 'yan dubiya mamaki shi ne ƙanƙantar tabon. Sun zo da zaton za su tarar da dattijo an tsaga masa ciki tun daga ƙirji har mara, sai suka same shi zaune a kan darduma yana amsa gaisuwa. Duk abin da aka yi wa mahaifina ƙananan yanka biyu ne a matsematsi. Muka yi ta hamdala. Ni kaina, da nake riƙe da jakar takardun asibiti, na ɗauka magana ta ƙare.

Ciwon nasa kumburin babbar jijiyar jini ne, wadda ta taso daga zuciya ta ratsa ciki. Faɗinta a mai lafiya kusan santimita 2 ne. Idan ya kai 3 an shiga kumburi, idan ya kai 5.5 a namiji likitoci kan ba da shawarar aiki. Na Baba ya kai 6, kuma bai taɓa jin ko ɗan ciwo ba. Hoton da aka ɗauka saboda matsalar fitsari ne ya tona shi. Haɗarin shi ne fashewa, wadda ita ce ta zama ajalin Albert Einstein a 1955. A da sai an buɗe ciki, amma tun daga aikin da Juan Parodi ya yi a Ajantina a 1990 wata hanya ta yaɗu, wadda ake kira EVAR: a zura bututun yadi mai ragar ƙarfe ta jijiyar cinya, a buɗe shi a cikin kumburin, jini ya riƙa bi ta cikinsa, bangon da ya yi rauni ya huta.

Mako uku da dawowarmu Baba ya daina zuwa masallaci da ƙafa. Daga nan ya koma salla a zaune. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki. Na tambaye shi, ya ce, "Dokta, shekara 71 ba wasa ba ce." Hajiya ta ce ai jiki da jini ne, a bar shi ya huta. Ashe maganarta ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda take nufi.

Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo daga Zariya a mako na shida. Tana gama gaishe shi ta ɗan ja fatar idonsa ta ƙasa, ta juyo ta dube ni. "Yaya, yaushe rabon da a auna jininsa?" Ban da amsa. Washegari gwaji ya nuna sinadarin himogulobin ɗinsa giram 8.4 ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk abin da ya gaza 13 a namiji baligi a matsayin ƙarancin jini.

Da dare na buɗe jakar. Kafin aiki 12.2, ranar sallama 9.6, ga kuma layi a ƙasan shafi na uku da ke cewa a sake gwaji bayan mako biyu. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa a kan tsallake shafi, ni ne na karanta shafin farko na rufe.

Likitan da muka gani ya warware mana dalilan. Ƙanƙantar yanka ba ta hana zubar jini yayin shigar da bututu da fitar da kayan aiki, ga kuma wanda ake ɗiba kullum don gwaji. Jiki yakan ɗauki baƙon abu da zafi, sai hanta ta ƙara fitar da sinadarin hefsidin, wanda ke hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe. Ruwan da ake ɗura wa jijiya don hoto yana iya wahalar da ƙoda, ita kuwa ƙoda ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Asfirin da aka ɗora shi a kai yana iya jawo tsiyayar jini a tumbi ba a sani ba. Baba kuma ya shiga aikin da jininsa a ƙasa tun farko. Tsohuwar zuciya ce ke biyan wannan bashi, domin dole ta ƙara gudu kafin iska ta wadaci gaɓoɓi.

Aka ɗauki hoton CT, aka tabbatar bututun yana zaune daram. Aka duba bayan gida da ƙoda, sannan aka ɗura masa sinadarin ƙarfe ta jijiya. A gida aka raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage tsotsar ƙarfe, aka yawaita hanta da wake da zogale da lemo. Likita ya gargaɗe mu kada mu dakatar da asfirin da kanmu, kada kuma mu dogara da maganin ƙarin jini na kanti ba tare da an san ta inda jinin ke raguwa ba.

Da yawa daga cikinmu mukan sayar da fili mu kai iyaye Masar ko Indiya, mu dawo mu ɗauka jinya ta ƙare a filin jirgi. Wanda ya yi aikin yana can, mai haƙuri yana nan, tsakaninsu babu kowa sai ɗan da ya riƙe takardu. Idan kai ne wannan ɗan, kafin ka baro asibiti ka tambayi awon jinin kafin aiki da na ranar sallama, ka kuma nemi likitan da zai karɓi jinyar a gida tun ba ku sauka ba.

Bayan wata uku awon Baba ya kai 12.6. Wata asuba na ji ƙarar ƙofar zaure, na leƙa, na hango shi da sandarsa ya nufi masallaci. Na saka takalmi na bi bayansa, ban ce komai ba.