Gidan da aka binne domin kare birni

A zangon karatu na biyu a jami'a, malaminmu na tarihin gine-gine ya raba mana takardu, kowa da zanen ginin da zai yi bayani a kai. Abokaina suka samu manyan majami'u na Turai masu hasumiya. Ni kuwa aka ba ni wani ɗan zane mai murabba'i, ɗakuna kewaye da fili a tsakiya. Na ce a raina, wannan ai gidan kakata ne. Sai da na duba ƙasan takardar na ga an rubuta Dura-Yuropos.

Dura-Yuropos tsohon birni ne a gaɓar kogin Furat, a gabashin Siriya ta yau. A ƙarni na uku bayan haihuwar Annabi Isa (AS) yana hannun Rumawa, kuma sansanin sojojinsu ne a bakin iyaka da Farisa. Gidan da aka ba ni yana cikin tsofaffin wuraren ibadar Kiristoci da masana suka gano a duniya. An gina shi wajen shekarar 232 a matsayin gidan zama, da tubalin laka. Bayan 'yan shekaru aka mayar da shi wurin taro.

Abin da ya kama ni shi ne yadda aka yi sauyin. Ba a taɓa fuskar gidan ba. Mai wucewa a titi zai ga gida ne kamar na maƙwabta, domin a lokacin daular Rum ba ta amince da addinin Kirista a hukumance ba, sai a shekarar 313. A ciki ne aka yi aiki. An rushe bangon da ya raba ɗakuna biyu, suka zama zaure ɗaya dogo da zai ɗauki mutum sittin zuwa saba'in. A gefensa na gabas aka yi ɗan dandamali. Malam ya ce mini in tsaya a kan wannan bangon da aka cire, in tambayi kaina me ya sa. Amsar ba ta da wuya: jama'a sun yi yawa, ɗaki ɗaya ya kasa.

Ƙaramin ɗaki guda ne kawai aka yi wa ado sosai, wato ɗakin baftisma. An gina kwatarniyar ruwa a jikin bango, aka ɗora mata baka a kan ginshiƙai biyu, aka zana taurari a rufinta. A bangon akwai zanen makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa, da gurgun da aka warkar yana ɗauke da gadonsa, da tafiya a kan ruwa, da wata mace a bakin rijiya, da Dauda da Jaluta. Zanen ba na gwanaye ba ne, in ka gan shi za ka ce ɗan aji uku ne ya yi. Duk da haka suna cikin tsofaffin zane-zanen Kirista da suka rage. A layin guda, ba nisa, akwai majami'ar Yahudawa mai zane-zane, wadda yanzu take gidan tarihi na Dimashƙa.

To, yaya gidan laka ya kai shekara 1,700? Yaƙi ne ya tsare shi. Da Rumawa suka ga rundunar Farisa na tafe, sai suka cika gine-ginen da ke jikin ganuwar yamma da ƙasa da ɓaraguzai domin ganuwar ta ƙara kauri. Birnin ya faɗi wajen shekarar 256, aka watse, ba a sake zama a cikinsa ba. Ƙasar da aka zuba ta rufe bangon daga rana da ruwa. A 1920 sojojin Birtaniya masu haƙa ramuka suka ci karo da zane a kangon birnin. A farkon shekarun 1930 masana daga Jami'ar Yale ta Amurka da Faransa suka tono gidan, aka ɗauke zanen ɗakin baftisma zuwa Yale. A yaƙin Siriya na baya-bayan nan, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ramukan masu satar kayan tarihi birjik a birnin.

Na samu maki mai kyau a aikin, amma abin ya bar mini ciwo. A hutun da ya gabaci wannan zangon aka rushe gidan kakata aka ɗora na siminti. Ina nan a tsaye ranar, har na taya kwasar azara. Shi ma gidan yana da wani bango da aka taɓa cirewa, Inna ta ce an yi haka ne lokacin da kakanmu ya fara koyar da almajirai a zaure. Ina da waya mai kyamara a aljihu, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, balle in auna.

Da na koma gida hutu, na zauna kusa da ita da takarda da fensir. Na ce, "Inna, daga ƙofar zaure zuwa rijiya taku nawa ne?" Ta yi dariya ta ce wa ya taɓa ƙirga taku a gidansa. Sai ta karɓi fensirin ta nuna mini inda na sa ɗakin girki ba daidai ba. Mun kai shafi na uku yanzu, har yau ba mu daidaita a kan inda rumbu yake ba.