Cinikin Jirgi a Bakin Tiga

Kawuna ya ajiye alli bayan shekaru yana koyarwa, aka biya shi kuɗin sallama, sai ya tara mu ya ce jirgin ruwa zai saya. Gida ya yi ca. Masu cewa ya sayi A Daidaita Sahu suna yi, masu cewa ya kama shago a Kwari suna yi, shi kuwa yana ta jan carbinsa. Haifaffen Bebeji ne, yana ɗan makaranta aka yi aikin madatsar Tiga, ya ga katafiloli suna tura ƙasa, ya ga ruwa yana cinye gonakin da ya sani. Tun daga lokacin, in ji shi, yake son ranar da zai ratsa ruwan nan a cikin abin da yake nasa. Lissafinsa kuma ba na wauta ba ne: ya ba wani masunci jirgin su riƙa raba abin da Allah ya kawo, shi kuma duk ranar da ya ga dama ya zo a fita da shi. Da yake ni ke da mota, ni aka ɗora wa tafiyar.

Mun bar Kano bayan sallar asuba cikin sanyin hunturu, muka ɗauki titin Zariya. Kafin a kai Kura ƙasa ta fara canja kama. Ko'ina a jihar ciyawa ta bushe, amma nan kore shar, alkama da albasa da tumatir iya ganinka. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun tare rabin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Duk wannan albarkar ruwan Tiga ce, wanda babban kanal yake ɗaukowa ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam.

Kawu ya sa na tsaya a bakin wani reshe na kanal ɗin. Yara na ta tsalle suna faɗawa ciki, mata na wanki, wani yana wanke babur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, da a Ingila ne, da jirage ne jere a nan." Gaskiyarsa ta wani fannin. Turawan Ingila sun haƙa magudanansu ne don sufuri. Ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 kwal take kaiwa Manchester, doki na tafe a gaɓa yana jan jirgi. Da jirgin ƙasa ya ƙwace kasuwar sai magudanan suka mutu, daga baya masu sha'awa suka farfaɗo da su. Yau mutum zai sayi siririn jirgi wanda faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba, ya yi ɗaki da kicin a ciki, ya riƙa tafiyar da ba ta wuce mil huɗu a awa, kuma tun 2012 wata gidauniya ce ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi. Namu kanal ɗin don ban-ruwa aka gina shi. Gadojinsa a ƙasa-ƙasa suke, ga ƙofofin ƙarfe, ga wuraren da ruwa ke faɗawa daga tudu. Ko kwalekwale ba zai yi nisa ba. Na ce masa mu bar wa manoma nasu, mu nufi inda ruwa yake da faɗi. Yaran nan dai sun ba ni tausayi, don tsargiya ba baƙuwa ba ce a irin wannan ruwa.

Bagauda muka fara yada zango. Sunan sarkin Kano na farko aka sa wa wurin, wanda tarihi ya ce ya hau mulki a shekarar 999. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare ruwan, aka gina otal a gefensa, kuma duk wanda ya yi wayo a Kano a shekarun 1970 ya san yadda ake ɗokin zuwa shaƙatawa Bagauda. A watan Agusta na 1988 madatsar ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar da har yau dattawan yankin ke auna shekaru da ita. Otal ɗin yanzu shi ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi. Mun tarar da 'yan kwalekwale a gaɓa, masu su suna gyaran raga. Ɗaya daga cikinsu ya saurari buƙatarmu, ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, in jirgi kake so na gaske, ƙarasa Tiga. Mu nan tafki muke da shi, su can teku gare su."

Bai yi ƙarya ba. Wanda bai taɓa ganin Tiga ba zai yi mamakin a ce wannan ruwa a jihar Kano yake. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano, tsawonta ya kai kilomita shida, ruwan da aka tsara za ta riƙe ya doshi kubik mita biliyan biyu, wanda zai mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Otal ɗin Rock Castle na can bisa dutse yana kallon ruwan. Ranar da muka je hazo ya sauka, ba a ganin ɗaya gaɓar sam.

Ba a shiga cinikin jirgi kai tsaye. Sai da aka kai mu muka gaida Sarkin Ruwa na mashigin, Kawu ya ajiye goro, ya faɗi asalinsa da abin da ke tafe da shi. Sarki ya haɗa mu da wani dattijon masunci, siriri, mai ƙarancin magana, wanda kowa ke kira Baba. Shi ya zama idonmu.

Jirage uku aka nuna mana. Irin na da, wanda ake fafe gungumen itace guda, ya yi wuya yanzu, don manyan maɗatai da kawo sun ƙare a dazuzzuka. Na yanzu na katako ne, a jera a buga da ƙusa, a cusa tsumma ko auduga a tsakani, a bi da kwalta. Idon Kawu ya faɗa kan wani mai sabon fenti, shuɗi da ja, har an rubuta masa addu'a a gefe. Baba bai ce komai ba. Ya kira samari suka jawo shi tudu, suka kifar da shi. Ya tsuguna yana ƙwanƙwasa katakon da bayan wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Inda ya yi ƙara garau sai ya wuce, inda ya yi duƙum sai ya soka tsinin wuƙar. Wajen gindi wuƙar ta shige ba gardama. Ya ɗago ya dubi mai jirgin, ya ce, "Fentin nan na wace rana ne?" Mai jirgi ya sosa ƙeya.

"Alhaji," in ji Baba, "jirgin da ke cikin ruwa ba a sayensa. Abin da zai kashe ka yana ƙasa, inda ba ka gani."

Abin ya burge ni, don su ma masu sayen jiragen magudanan Ingila ƙa'idarsu ke nan: sai an ɗaga jirgi daga ruwa, gwani ya auna kaurin ƙarfen ƙasansa, kafin kuɗi su fita daga hannu. Bambancin kawai, can akwai takardar shaidar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara huɗu, nan kuwa kunnen Baba ne takardar.

Na biyun ya yi faɗi da nauyi, na fito ne, sai da inji. Kawu ya so ya ji kuɗin injin Yamaha, da aka faɗa masa ya yi salati, don ya ninka kuɗin jirgin kansa, ga mai ga gyara. Baba ya ce ko da kuɗin ma kada ya fara da inji. Wanda bai iya filafili ba, ranar da inji ya mutu a tsakiyar ruwa sai dai kallo. Na ukun tsoho ne, ba fenti, kwaltarsa ta yi fari saboda rana, amma ko'ina aka buga sai ya amsa. Baba ya nuna mana haƙarƙarinsa na ciki, ya ce a canja guda biyu, a sake bin ƙusoshi, shi ke nan. Duk da haka bai yarda a biya ba. Ya sa aka kwashe ruwan cikinsa tas, aka mayar da shi bakin ruwa aka ɗaure, ya ce a bar shi ya kwana. Da safe muka zo, ruwan da ya shiga bai fi a kwashe da ƙoƙo ba. Sannan aka zauna ciniki. Kawu ya taya, mai jirgi ya ce albarka, aka ja, aka sassauta, Sarkin Ruwa ya sa baki, har aka ji "na sallama". Aka cire la'ada, aka yi fatiha.

Tuƙin kuma wani karatu ne. Baba ya zaunar da Kawu a tsakiya, ni a gaba, shi ya zauna a gindi, don daga nan ake juya jirgi. A inda ruwa bai da zurfi gwangwala ake dogarawa a tura. Da ƙasa ta ɓace sai a koma filafili, kuma ba ƙarfi ake so ba. Ana nitsa shi ne a ja baya, a ɗan murɗa hannu a ƙarshe, in ba haka ba jirgi ya yi ta zagaye wuri guda. Dokokinsa kaɗan ne, kuma bai maimaita ko ɗaya ba: ba a miƙewa tsaye, ba a taruwa gefe guda, igiyar ruwa da goshin jirgi ake tararta, ba da haƙarƙari ba. Akwai rabin jarka a ƙarƙashin ƙafata, ya ce aikina ne kwasar ruwa, kada in jira sai an ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake karanta ruwan. Zai karkata ba tare da na ga dalili ba, sai mun wuce in hango baƙin kututture dab da saman ruwa. Itatuwan ƙauyukan da aka tasa ne lokacin gina madatsar, har yau wasu na tsaye a ƙasa. Da damina suna can cikin zurfi, da bazara kuwa, idan an saki ruwa ga manoman rani tafkin ya ja baya, sai su matso sama su zama tarko. Wani wuri ya nuna da haɓa ya ce nan kasuwa take, can kuma maƙabarta. Kawu ya yi shiru, sannan ya ambaci sunan wani ƙauye da yakan raka mahaifiyarsa biki. Baba ya ce, "Mun wuce kansa ɗazu."

Daɗin abin kuwa ba ya faɗuwa duka. Da muka yi nisa ƙarar duniya ta ɗauke, sai motsin filafili da kukan kirinjijiya. Zalɓe na tsaye kan dutse, balbelu na bin shanun Fulani da suka gangaro shan ruwa. Masunta na ɗaga kalli, karfasa na walƙiya a ciki, wani ya ɗago mana tarwaɗa yana dariya. Ta kudu, inda hazo ya rufe, nan kogin yake shigowa bayan ya ratso dajin Falgore ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada. Kawu ya so a nufi can, Baba ya dubi sama ya ce a'a, iska na tashi bayan azahar, kuma tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce. Ba mu kai gaɓa ba sai ga ta, ruwan ya fara tsalle yana marin jirgi, ni kuwa na duƙufa da jarkata. Muka fita lafiya, aka soya mana kifin da aka kama a gabanmu, da yaji da albasa, muka ci a tsaye.

Wuri ɗaya muka saɓa da Baba. Na taho da rigunan kariya daga Kano, na saka tawa, Kawu ya saka tasa, samarin mashigin suna ta ƙunshe dariya. Na miƙa wa Baba ya ture, ya ce shi a ruwa aka haife shi, kuma wanda kwanansa ya ƙare riga ba ta tsare shi. Na girmama shi, ban ja ba, amma ban yarda ba. Shi ya iya iyo, fasinjansa fa? Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. A jihar nan aka yi, ba a Neja ko Kebbi ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta sha nanata dokar saka riga da hana tafiyar dare, amma doka ba ta isa mashigi sai an kai ta. Mutumin da ya ƙi sayen jirgi sai ya kifar da shi ya duba, ya san tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Kawu ya yanke hukunci irin na malamin makaranta. Ya damƙa jirgin ga ɗan Baba bisa sharaɗin raba riba, ya bar rigunan a hannunsa, ya ce a gaban Sarkin Ruwa duk ranar da aka ɗauki mutum ba riga, yarjejeniya ta tashi. Yaron ya amsa, Sarki ya shaida.

Ruwan da Audu Bako ya tara mana ya ciyar da Kano shinkafa da tumatir shekara hamsin, amma ta fuskar sufuri da shaƙatawa kaɗan kawai muka taɓa shi. Ba sai an jira wani babban shiri ba. Ƙananan hukumomin da ke kewaye da Tiga za su iya gina mashigi na kankare, su kafa alamu a kan kututturan nan, su rubuta wa kowane jirgi adadin mutanen da zai ɗauka, su ajiye riguna a hannun sarakunan ruwa, tunda su jama'a ke jin maganarsu. Kai kuma mai karatu, in ka samu hutu, Tiga ba ta kai tafiyar awa biyu daga Kano ba. Ka je da safe kafin iska ta tashi, ka fara gaida Sarkin Ruwa, ka kuma tafi da rigarka.