Layin da Ba a Gani a Shagon Kawu

Da sassafe na hau motar Daura a tashar Ƙofar Ruwa, da ƴar kwamfutata a jaka. Kawu ne ya kira. Intanet ɗin shagonsa, inda yake yi wa ɗalibai rajista da buga takardu, ya zame masa ƙarfen ƙafa, har yana shirin ƙara kuɗin data. Muka ratsa Dambatta, direba ya tsaya shan mai a Kazaure, kafin azahar mun isa.

"Ka gani da idonka," in ji Kawu, yana nuna wata yarinya da shafin rajista ya ƙi buɗe mata. A kusurwa kuwa wani saurayi yana ɗora bidiyon biki daga wayarsa.

Na auna gudun layin, babu laifi. Amma da na aika saƙon gwaji na ping yayin da bidiyon ke tafiya, amsar da ta saba dawowa nan take sai ta riƙa jan ƙafa. Hanyar ɗorawa ƙarama ce, kuma idan ta cika, modem yana tara ƙunshin bayanai a ma'ajiyarsa, duk wanda ya zo ya bi baya. Buƙatar yarinyar kamar mai babur ce da ya makale bayan tireloli a gidan mai. Wannan cuta Jim Gettys ya raɗa wa suna bufferbloat a 2010, kuma ƙarin data ba ya warkar da ita.

Rautar shagon MikroTik ce, ƙirar Latbiya, mai RouterOS 7, don haka tana da CAKE, tsarin jera layi da ya shiga Linux a 2018. Na ce za mu ƙayyade gudun a kusan kashi 90 cikin 100 na abin da layin ke bayarwa.

"Kai yaro! In biya kuɗin goma ka ba ni tara?"

"Kawu, Allah ya ƙara girma, idan layin ya taru a rautarmu, mu ke da ikon tsara shi. Idan ya taru a modem, sai kallo."

CAKE yana raba hanya daidai tsakanin na'urori, yana kuma barin ƙananan saƙonni su wuce gaba. Tsohon salon nan na rubuta jerin lambobin ƙofa, wannan a fifita, wancan a danne, ni dai na daina wahalar da kaina da shi, tunda yau kusan komai ta ƙofa 443 yake bi a rufe.

Wuyar aikin ita ce layin shagon na 4G ne, kuma gudun 4G ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da daddare, idan gari ya hau waya, gudun yakan faɗi, kuma iyakar da ta fi ƙarfin layin ba ta tsinana komai. Dole na kwana. Bayan isha'i na sake aunawa, na saita da adadin dare. Kawu ya sa saurayin ya dawo da bidiyonsa da safe, ya tsaya a kansa yana ɗorawa, ya ce a buɗe shafin rajista a kwamfutoci uku lokaci guda kafin ya bar ni in nufi tasha.