Malamai Biyu a Aji Ɗaya

Malamin da ke tsaye gaban allo yakan ga masu ɗaga hannu ne kawai. Mun koyi wannan a lokacin gwajin koyarwa, muna neman takardar NCE, sa'ad da aka tura mu firamare biyu-biyu. Shirin UBE na 1999 ya riga ya cika azuzuwa da yara.

An ba mu aji uku, darasin ɗebewa, misali 42 a ɗebe 17. Muka ɗaure tsinkayen tsintsiya goma-goma. Ɗayanmu yana bayani a allo, ɗayan yana zagayawa. Mai zagayawan ne ya lura yaran baya suna rubuta 35, gama suna ɗebe 2 daga 7, ko da yake sun amsa "Mun gane" tare da kowa. Sai ya durƙusa, ya sa suka kwance ɗauri ɗaya da hannunsu. Biyu ta zama goma sha biyu, 25 ta fito.

Yau kowannenmu shi kaɗai yake koyarwa. 'Yan'uwa malamai, mu riƙa ajiye alli muna takawa har bencin baya. Ku kuma ɗalibai, in ba ku gane ba, kada ku ji kunyar faɗa.